Ƙiba da Allurar Barci: Awon Jini Ya Yi Kyau, To Ƙananan Jijiyoyin Fa?

A wajenmu idan mutum ya yi ƙiba yabo yake sha. Sai ka ji ana cewa ya samu hutu, jiki ya murje, ko amarya ta karɓi gidan miji. A ɗakin tiyata kuwa lissafin daban ne. Mai sa allurar barci da zarar ya ga tumbi da kaurin wuya ya san aiki ya ƙaru masa: numfashi zai yi wuyar riƙewa, jijiyar da za a sa ruwa za ta yi wuyar samu, maganin ma sai an sake masa lissafi. Waɗannan duk a fili suke. Akwai kuma wanda ido ba ya gani, wato halin da ƙananan jijiyoyin jini ke shiga yayin da mai ƙiba ke kwance cikin barcin tiyata.

Masana sun haura shekara 20 suna rubutu a kan wannan batu. Abin da za mu yi a nan, mai karatu, shi ne mu auna rubuce-rubucen nasu da ma'aunin mutumin Kutama. Wato mutumin da idan gwaiwa ta murɗe masa, ko haihuwa ta zo wa matarsa da gardama, Babban Asibitin Gwarzo za a nufa, in abin ya fi ƙarfin nan kuma a bi ta Kabo da Rimin Gado zuwa Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tafiyar kilomita 70 ko fiye. Ra'ayinmu shi ne ilimin gaskiya ne, amma an gina shi a kan mutane kaɗan, da magunguna da majinyatan da ba irin namu ba. Darasin da ya fi amfani a cikinsa kuma ba ya buƙatar na'ura mai tsada.

Inda aikin jini yake ƙarewa

Duk wanda ya taɓa noman rani ya san cewa cikar babbar hanyar ruwa ba ita ce shan ruwan tumatir ba. Injin na iya yin ruri, tiyo ya cika tam, amma idan ƙananan hanyoyin da ke shiga fangali sun toshe, shuka sai ta bushe alhali ga ruwa na wucewa ta gefenta. Haka jini yake. Zuciya ce injin, manyan jijiyoyi su ne tiyo, amma miƙa iskar oksijin da abinci ga tsoka da ƙoda da ƙwaƙwalwa a cikin siraran jijiyoyi ake yin sa. Faɗin mafi ƙanƙantarsu maikiromita 5 zuwa 10 ne, maikiromita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Jan ƙwayar jini faɗinta kusan 7 zuwa 8 ne, don haka ɗaya bayan ɗaya suke bi, wani lokaci ma sai sun lanƙwashe.

William Harvey na Ingila ya bayyana zagayawar jini a 1628 ba tare da ya ga waɗannan jijiyoyi ba. Marcello Malpighi na Italiya ne ya fara ganin su a huhun kwaɗo a 1661. August Krogh na Denmak ya samu kyautar Nobel a 1920 saboda aikinsa kan yadda jiki ke sarrafa gudanar jini a cikinsu gwargwadon buƙata. Akwai kuma wata ƙa'ida ta lissafi da ya kamata ka riƙe: idan faɗin bututu ya ragu da rabi, ruwan da zai wuce ba rabi zai koma ba, kashi ɗaya cikin 16 zai koma. Ka ga ke nan ɗan tsukewa kaɗan babbar magana ce.

Me ke buɗe su? Cikin kowace jijiya akwai wata siririyar shimfiɗa ta ƙwayoyin halitta da ake kira endotiliyom. A 1980 Robert Furchgott ya nuna cewa wannan shimfiɗa na fitar da wani sinadari da ke sa jijiya ta saki jiki. Daga baya aka gane iskar naitirik oksaid ce, aikin da ya jawo wa shi da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel a 1998.

Abin da ƙiba ke yi musu tun kafin ranar tiyata

Kitse ba kaya ne kawai da jiki ke ɗauke da shi ba. Gaɓa ce mai aiki, tana zuba sinadarai cikin jini. Idan ya yi yawa, musamman kitsen cikin ciki da ke kewaye da hanji da hanta, sai ya riƙa fitar da sinadaran kumburi a hankali, dare da rana. Waɗannan na rage naitirik oksaid, su kuma sa jiki ya daina jin maganar insulin yadda ya kamata. Sakamakon shi ne jijiyoyin ba sa buɗewa da sauri idan an buƙace su, yawansu ma a cikin tsoka da fata yana raguwa. Wannan na cikin hanyoyin da ƙiba ke bi ta kai mutum ga hawan jini da ciwon suga.

A 2004 masu bincike a birnin Amstadam na ƙasar Holan, De Jongh da abokan aikinsa, sun duba jijiyoyin fatar mata masu ƙiba da marasa ƙiba da madubin ƙara girma. Sun tarar cewa idan aka tsare jini na ɗan lokaci aka sake shi, jijiyoyin da ke buɗewa a jikin masu ƙiba ba su kai na sauran ba. Wato mai ƙiba na shiga ɗakin tiyata ne da guzuri kaɗan. A zaune lafiya lau yake, amma idan jiki ya shiga matsi, abin da zai ƙara bai da yawa.

Sai kuma barcin tiyata ya zo

Tun ranar 16 ga Oktoba 1846, da William Morton ya nuna amfani da ita a birnin Boston na Amurka ta hanyar shaƙa wa majinyaci sinadarin ita, wannan hikima ta sa barci ke ceton rayuka. Sai dai barcin tiyata ba barcin dare ba ne. Yawancin magungunansa, irin su furofofol da ake yi ta jijiya da iskokin da ake shaƙa, suna sassauta jijiyoyi, su rage ƙarfin bugun zuciya, su kashe kaifin tsarin da ke daidaita matsin jini da kansa. Matsin jini shi ne abin nan da ake aunawa idan an ce za a duba maka hawan jini. Shi ya sa yakan faɗi jim kaɗan bayan an yi allurar.

Zafin jiki ma yana sauka. Da jijiyoyin fata suka buɗe, zafin cikin jiki na gudu zuwa hannuwa da ƙafafu, a sa'ar farko kaɗai a rasa digiri 1 zuwa 1.5. Huhu kuma na matsewa, domin idan mai tumbi ya kwanta rigingine nauyin cikin na danne shi. Wani lissafi da Jonathan Benumof ya wallafa a 1997 ya nuna cewa idan numfashi ya tsaya bayan an cika huhu da oksijin, lafiyayye mai kilo 70 na da kusan minti 8 kafin iskar jininsa ta sauka zuwa kashi 90, mai kilo 127 kuwa bai kai minti 3 ba.

Binciken da ya fi taɓa batunmu kai tsaye shi ne na Barbara Kabon da abokan aikinta a mujallar Anesthesiology a 2004. Sun ɗauki majinyata 46 da ake yi wa babbar tiyatar ciki, suka raba su gida biyu, masu ƙiba da marasa ƙiba. Suka daidaita oksijin ɗin da ke cikin babbar jijiyar kowa ya zama ɗaya, sannan suka auna wanda ya isa ƙarƙashin fata. A marasa ƙiba awon ya nuna 57, a masu ƙiba 36. Da aka ƙara oksijin, na marasa ƙiba ya haura sosai, na masu ƙiba ya ɗan motsa ne kawai. Tiyo a cike, fangali da ƙishirwa. Abin da ya sa wannan ke da muhimmanci shi ne fararen ƙwayoyin jini da oksijin suke kashe ƙwayoyin cuta, ɗinki ma da shi yake haɗewa. Inda ya yi ƙaranci, ciwo ya fi saurin yin ruwa.

Zuwa nan ba mu da ja. Daga nan ne sukarmu ke farawa.

Mutane kaɗan, kuma ba abin da ya dame ka aka auna ba

Duba adadin mutanen. Binciken Kabon mutum 46. Na Amstadam mata ne da ba su kai 30 ba, kuma ba a cikin barcin tiyata suke ba. Wani da aka yi a Beljiyam a 2008, wanda ya nuna furofofol na rage yawan ƙananan jijiyoyin da jini ke bi a ƙarƙashin harshe, mata 15 ne masu ƙoshin lafiya. Irin waɗannan ayyuka na da kyau wajen nuna yadda abu ke faruwa, amma ba su isa su gaya maka mutum nawa cikin ɗari zai cutu ba.

Sannan abin da suke aunawa lamba ce a jikin na'ura. Kai kuwa tambayarka ita ce: mahaifiyata za ta tashi? Ƙodarta za ta ci gaba da aiki? Ɗinkin zai warke? Tsakanin lamba da waɗannan amsoshi akwai rata, kuma tarihin wannan fanni ya nuna haka. Da aka gane ƙarancin oksijin a fata na tafiya tare da ruɓewar ciwo, sai aka ce to a ƙara oksijin mana. A 2000 wani gwaji kan mutum 500 ya nuna ba da oksijin kashi 80 ya rage kamuwar ciwo da rabi. A 2009 aka yi wani a Denmak kan mutum 1,400, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kashi 80 da ƙarfi a 2016, a 2018 ta sassauta matsayinta. Don haka idan ka ga labari an ce bincike ya nuna ƙiba na rage kaza a jijiyoyi, ka fara da tambayar mutum nawa, kuma me ya same su bayan an sallame su.

Ma'aunin ƙibar kansa gurgu ne

Kusan duk waɗannan bincike da ma'aunin BMI suke raba mutane. Ana raba nauyinka na kilo da tsawonka na mita sau kansa. Idan ya kai 25 an ce nauyi ya yi yawa, idan ya kai 30 an ce ƙiba ce. Mai tsawon mita 1.7 da kilo 87 ya shiga sahu ke nan. Wannan lissafi Adolphe Quetelet ɗan Beljiyam ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1830 don nazarin jama'a, Ancel Keys ya ba shi sunan da ake kiran sa da shi yanzu a 1972. Bai san bambancin tsoka da kitse ba, bai kuma san inda kitsen ya taru ba. Ɗan dambe mai ƙirar ƙarfi da ɗan kasuwar da ke wuni a zaune da tumbi na iya samun lamba ɗaya, alhali jijiyoyinsu ba ɗaya ba ne. Matar da kitsenta ke ƙugu da cinya ma ba daidai take da wadda nata ke ciki ba.

Shi ya sa a Janairun 2025 wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ce kada a ƙara dogaro da BMI shi kaɗai, a haɗa da awon ƙugu da duba ko ƙibar ta fara taɓa gaɓoɓi. Awon gida mai sauƙi shi ne kewayen cikinka kada ya wuce rabin tsawonka. Akwai ma abin mamaki. Wani nazari a Amurka a 2009 kan majinyatan tiyata fiye da 100,000 ya tarar cewa masu matsakaiciyar ƙiba ba su fi masu daidaitaccen nauyi mutuwa ba, ramammu ne suka fi shiga haɗari. Masana na ta muhawara kan dalilin, amma ko ba komai ya isa ya hana mu cewa duk mai jiki yana bakin kabari idan aka sa shi barci.

Wannan ya shafe mu sosai. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 na da nauyi fiye da kima ko ƙiba, kashi 12 kuma ramammu ne, kuma ƙibar ta fi yawa a birane da kudu. A layin asibiti ɗaya a Gwarzo za ka iya ganin duka biyun, kowacce da irin haɗarinta.

Ba magungunanmu ba, ba majinyatanmu ba

Ayyukan da muka ambata a Turai da Amurka aka yi su, kan mutanen da aka shirya wa tiyata tun da wuri, aka yi musu gwaje-gwaje, aka sa su barci da furofofol ko iskokin zamani. A asibitocin karkara na Afirka kuwa, allurar baya da ketamin su ne ƙashin bayan aiki. Ketamin, wanda Calvin Stevens ya haɗa a 1962, halinsa daban ne: yakan ɗaga bugun zuciya da matsin jini maimakon ya sauke su, ba ya kuma danne numfashi kamar sauran. Allurar baya ita kuma tana saki jijiyoyin rabin jiki na ƙasa gaba ɗaya, jini ya faɗi cikin mintuna. Ba za ka ɗauki sakamakon furofofol ka ɗora wa waɗannan kai tsaye ba.

Majinyacin ma daban ne. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, cutar da ainihinta toshewar ƙananan jijiyoyi ce. Ita ce kuma ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, ƙwayar cutar kuwa na sa jajayen ƙwayoyin jini su manne a bangon waɗannan jijiyoyi. Ga ƙarancin jini ga masu ciki, ga jijjigar haihuwa wadda ita ma ciwon endotiliyom ce, ga zuwa asibiti a makare bayan jiki ya bushe ko an zubar da jini a hanya. Macen da ta zo daga Getso ko Lakwaya da ƙiba da hawan jinin ciki da ƙarancin jini, a tsakar dare, ba ita ce ke cikin jadawalin Amstadam ba.

Akwai kuma wata ƙibar da ta zama tamu, ta sha-ka-fashe. Da yawa daga magungunan ƙiba da ake saye a kemis ko a hannun masu haɗi na ɗauke da dezametason ko danginsa. Shan su na tsawon lokaci na tara kitse a ciki da fuska, ya ɗaga suga da hawan jini, ya sirantar da fata, ya jinkirta warkewar ciwo. Mafi haɗari, yana sa wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda su daina fitar da sinadarin kotisol, wanda jiki ke dogaro da shi a lokacin matsi. Mai wannan hali jininta na iya faɗuwa a kan gadon tiyata ya ƙi tashi, sai an ba ta irin maganin ta jijiya. BMI ba zai tona wannan ba. Tambaya ce kawai za ta tona shi, da amsa ta gaskiya.

Lambar da ke kan allo na iya ruɗin ka

Masu sa barci na lura da matsin jini ne domin dalili mai ƙarfi. Wani nazari a Kilibilan ta Amurka a 2017 kan mutum fiye da 50,000 ya nuna cewa idan matsakaicin matsin jini ya daɗe ƙasa da 65, haɗarin raunin ƙoda da zuciya na ƙaruwa. Amma kyawun lambar ba shaida ba ne cewa jini na isa ko'ina. Daniel De Backer ya nuna a 2002 cewa masu cutar da ta bazu cikin jini na iya samun toshewar ƙananan jijiyoyi, daga baya Can Ince na Amstadam ya bayyana a 2015 yadda manyan jijiyoyi da ƙanana ke iya raba hanya. Magungunan da ke ɗaga jini, irin su fenilefirin, ta hanyar tsuke jijiyoyi suke aiki. Suna ceton rai, babu shakka. Amma idan matsalar zubar jini ce ko bushewar jiki, tsuke tiyo zai ɗaga lamba ne kawai, ba zai ƙara ruwa ba.

Wani lokaci ma lambar kanta ba daidai ba ce. Idan maɗaurin da ake naɗa wa a damtse ya yi wa mutum kaɗan, awon na fitowa sama da gaskiya. Gwajin da aka yi a Jami'ar Johns Hopkins a 2023 kan mutum 195 ya nuna cewa wanda ke buƙatar maɗauri mafi girma, idan aka auna shi da na gama-gari, lambar sama na ƙaruwa da kusan 20. Yi tunani: mai ƙiba na kwance, jininsa na gaskiya 80, allo na nuna 100, kowa hankalinsa a kwance. A duk asibitin da maɗauri ɗaya ke yi wa kowa aiki, wannan kuskure na iya faruwa kullum.

Na'urar yatsa mai auna oksijin, wadda Takuo Aoyagi na Japan ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970, ita ma tana da iyaka. Oksijin ɗin da ke tafe cikin jini take aunawa, ba wanda ya isa tsoka ba. A 2020 kuma masu bincike a Jami'ar Mishigan suka gano cewa takan ɓoye ƙarancin oksijin a baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Ba cewa muke a ajiye ta ba, ai babu tiyatar da ta kamata a yi ba tare da ita ba. Cewa muke idan ta nuna 92 a jikin mutumin Kutama, kada a ɗauka an tsira.

To na'urorin binciken fa? Akwai kyamarar da ake sa wa ƙarƙashin harshe tana ɗaukar jijiyoyin, akwai kuma mai haska wani irin haske ta cikin fata ta auna oksijin ɗin tsoka. Ta farkon na buƙatar gwani da lokaci kafin a fassara hoton. Ta biyun kuwa kaurin kitse da duhun fata duk suna shafar awonta. Wato abin da ake son a nazarta shi ne ke rikita ma'aunin, kuma a jikin baƙar fata mai ƙiba rikicin biyu ne.

Inda ake rasa rayuka

A 2018 mujallar Lancet ta wallafa nazarin da Bruce Biccard na Afirka ta Kudu ya jagoranta kan majinyata 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya. Majinyatan sun fi na ƙasashe masu arziki ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, amma haɗarin mutuwarsu bayan tiyata ya ninka na duniya sau biyu. Daga cikin 239 da suka rasu, kashi 94 bayan ranar tiyatar suka rasu, ba a kan gadon aiki ba. Matsalar ita ce rashin gano taɓarɓarewa da wuri a ɗakin kwanciya, saboda ƙarancin ma'aikata da kayan aiki. Najeriya ba ta da likitan sa barci ko ɗaya ga kowane mutum 100,000, alhali ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya na neman aƙalla 5. Nas-nas masu horo na musamman ne ke riƙe da yawancin aikin a wajen manyan birane, kuma sun cancanci a ba su kayan aiki.

Nan ne ilimin ƙananan jijiyoyi ke da amfani gare mu, idan aka fassara shi zuwa abin da hannu zai iya. Maɗaurin damtse manya da ƙanana a kowane ɗakin tiyata. Ɗaga kai da kafaɗun mai ƙiba da matasai kafin a sa shi barci, a cika masa huhu da oksijin. Lissafa maganin barci da nauyin jiki ban da kitse, ba da abin da sikeli ya nuna ba. Ƙara maganin rigakafin ƙwayoyin cuta, domin ba ya ratsa kitse sosai, shi ya sa ƙa'idar Amurka ta ce giram 3 na sefazolin ga wanda ya kai kilo 120 maimakon 2. Rufe majinyaci da ɗumama ruwan da ake ƙara masa, musamman da hunturu: gwajin Andrea Kurz na 1996 kan mutum 200 ya nuna ɗumama jiki ya sauke kamuwar ciwo daga kashi 19 zuwa 6. Sai lura da fitsari, da ɗumin hannu da ƙafa, da danna tafin yatsa na daƙiƙa 10 a ga ko jini zai dawo cikin daƙiƙa 3. Wannan awon yatsa an gwada shi a 2019 kan majinyata 424 a Kudancin Amurka masu cutar da ta bazu cikin jini, bai kuma gaza gwajin jini na ɗakin bincike ba wajen jagorantar magani, ko da yake ba a ɗakin tiyata aka yi gwajin ba.

Naka aikin, mai karatu

Idan an sa maka ranar tiyata, ko an sa wa wani naka mai jiki, nemi ganin mai sa barcin kafin ranar. Gaya masa idan kana minshari mai ƙarfi, ko an taɓa ce maka numfashinka na ɗaukewa cikin barci, ko kana yawan gyangyaɗi da rana, domin waɗannan alamu ne na toshewar maƙogwaro da ke tsananta bayan allurar barci. A auna suga da hawan jini da yawan jini. Kawo duk maganin da kake sha, na asibiti da na gargajiya. 'Yar'uwa, idan kina shan maganin ƙiba ki faɗa, kunya a nan ba ta da amfani, kuma kada ki yanke shi rana ɗaya ba da shawarar likita ba, domin yankewar kanta haɗari ce. Mai shan taba ya ajiye ta makonni kafin aiki, ita ma jijiyoyin take tsukewa. Kada kuma a shiga horon yunwa ana saura mako guda don a rage tumbi, raunana jiki kawai zai yi.

Idan aikin na ƙasan cibiya ne, tambayi ko allurar baya za ta yiwu, ka bar wa masu aikin hukunci. Bayan an fito, mai jinya ya sa ido: a kwantar da mara lafiya kai a sama, idan barcinsa ya yi nauyi fiye da kima, ko numfashi ya canja, ko hannuwa suka yi sanyi, ko fitsari ya ɗauke, a kira nas nan take, ba sai gari ya waye ba. Da zarar an ba da izini kuma a tashe shi ya taka, domin masu ƙiba sun fi saurin samun gudan jini a ƙafa.

Ga 'yan'uwanmu masu bincike a Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano, tambayoyin a ƙofar gida suke. Majinyata nawa ne a asibitocin Gwarzo da Kabo da Ƙaraye damtsensu ya fi ƙarfin maɗaurin gama-gari? Nawa ne ke zuwa tiyata da tarihin sha-ka-fashe? Awon ƙugu ko BMI, wanne ya fi hango wadda ɗinkin haihuwarta zai yi ruwa? Tef ɗin tela da rajista mai kyau da haƙurin bin majinyaci kwana 30 sun isa a fara amsa su.